Tukunya Mai Jan Zare

Galway, cikin watan Oktoba

Auta,

Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da ƙanwata matarka da yara, su Abba da Ummi. Yaya ƙafar Umma? A waya ta ce mini da sauƙi, amma ka san ta, ko rarrafe take yi da sauƙi za ta ce. Ka je ka duba da idonka, ka sa ta taka a gabanka, sannan ka gaya mini gaskiya.

Ƙanwata ta aiko mini saƙo tana tambayar yadda ake kolkanon, wai Ummi ta ga hoton nan naka da kumatu duk dankali ta ce lallai sai an yi mata irinsa. Na ji daɗi har cikin raina. To amma a cikin hirar ne ta ba ni labarin abin da ka faɗa a gidan surukanka ranar yawon Sallah. Tana ba ni tana dariya, baiwar Allah, ba ta san ta taɓa mini gyambo ba. Wai ka ce mutanen Ailan ba su da abinci, dankali ne kawai a dafa da ruwa, ba yaji ba magi, cimar majinyata. Wai shekarun da ka yi a can da yunwa ka yi su. Aka yi ta ƙyaƙyatawa har da riƙe ciki.

Kai, Auta? Da bakinka? Da wani ne ya faɗa, ko kai ba zan ɗaga ba, don mutane da yawa sun ci abincin ƙasar nan a otal ko a kantin asibiti sun tashi da wannan ra'ayi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma kai a ɗakin girkin Nana maƙwabciyarmu ka yi wayo. A kan kujerar nan mai gurguwar ƙafa ka yi famfara, haƙorinka na gaba a cikin ɓawon burodinta ya maƙale. Na san raha kake yi, na san zama da surukai sai da abin dariya. Duk da haka maganar ta kwana mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro. A waya za ka ce "Haba Yaya" ka karkatar da zancen.

Hunturunmu na farko a Castlebar ba lallai ka tuna shi ba, ka yi ƙanƙanta. Baba, Allah ya jiƙansa, ya fi kwana a asibiti a kan gida. Umma tana kwance bayan ɓarin nan, ba ta ci ba ta magana, ga ruwan sama dare da rana. Nana ta ƙwanƙwasa ƙofar baya da tukunya a hannu, Umma ta yi godiya ta mayar mata da ita yadda ta zo, don kowace Alhamis ƙanshin naman alade da kabeji yana tsallako katanga daga gidanta. Wata da ta yi fushi. Nana sai ta tare Baba a bakin mota ta ce ya zayyana mata abin da muke ci da abin da ba ma ci, kada ya rage komai.

Washegari ta shiga gari ta sayo sabuwar tukunya, da kaskon suya, da wuƙa, da cokalin katako, ta ɗaura wa kowanne jan zaren saƙa a mariƙi. Duk shekarun da muka yi a gidan nan, alade bai taɓa kusantar kayan jan zare ba, ko soso ɗaya ba ta wanke su da shi da sauran. Ka tuna ranar da mijinta Mai Lofe ya ɗauki kaskonmu zai soya tsiran alade na karin kumallo, ta biyo shi har lambu da tawul? Shi kansa daga baya in ya ga jan zare sai ya ɗaga hannu biyu sama ya ja da baya, mu yi ta dariya. Ba malami ne ya yi mata wa'azi ba. Matar da ba ta fashin coci ce, mai hoton Maryama a kan taga, ta ga yaran maƙwabta suna jin yunwa ta nemi hanyar da uwarsu za ta ci ba tare da ɗar-ɗar ba.

A cikin wannan tukunya ta fara yi mana kolkanon. Ga yadda take yi, ka miƙa wa ƙanwata. A dafa dankali da ɓawonsa cikin ruwan gishiri. In ya kusa nuna a tsiyaye ruwan, a rufe da tsaftataccen tawul, a mayar kan wuta kaɗan-kaɗan har tururin ya fita ya bushe. Wannan busarwar ita ce sirrin, kuma ita mutane ke tsallakewa. Sai a ɓare da zafinsa a murje. A gefe a yanka kabeji siri-siri a tafasa shi ɗan lokaci, kada ya yi laushi har ya fita hayyacinsa. A ɗora madara da lawashi yankakke su ɗumama tare, a zuba a kan dankalin, a haɗa da kabejin, a buga da cokali har ya yi sulɓi. Lokacin sanyi ita da ganyen kale take yi, amma kabejin kasuwar 'Yankaba ya wadatar.

Sai rijiya. Kada ƙanwata ta manta da rijiya, in ba haka ba Ummi ba ta ci kolkanon ba. A tara shi tsibi a faranti, a danna bayan cokali a tsakiya, a jefa gudan man shanu a ramin ya narke. Daga gefe ake ci, kowace loma a tsoma a rijiyar. Kai kuwa ba ka da haƙurin wannan, sai ka haƙa rami ta ƙasa man ya gangaro ɓangarenka, ka bar ni da busasshen tudu. Nana tana gani, sai ta ƙara mini wani gudan a ɓoye ta ɗora yatsa a leɓe. Wanda ya yi shekarunsa da yunwa ba ya tono irin wannan.

Dankalin Jos ya fi danƙo, saboda haka ta ƙara masa lokacin busarwa, kuma kada ta kusantar da shi injin markaɗe, zai koma ƙullu mai yauƙi. Mutanen nan ba sa son dankali mai danƙo ko kaɗan. Suna son wanda in ya nuna ɓawon zai tsage, cikin ya fito fari yana warwatsewa. Ka tuna mai farar motar nan da ke zuwa ran Asabar da buhuna? Nana sai ta sa farce ta kankare ɗaya ta shinshina kafin ta biya. Da damina ta yi nisa Kerr's Pink take saya, a watan Yuli kuwa sabon Queens, wanda ba ya bukatar komai sai gishiri da man shanu da kofin madara mai sanyi. Rooster, jan nan da ya cika kantuna yanzu, a lokacin sabon shiga ne, a 1991 aka fito da shi daga cibiyar binciken noma ta Oak Park a Carlow, kuma ta daɗe tana yi masa kallon baƙo.

Burodin kuwa na san ba ka manta ba, don har yau in ka ga burodi mai zafi gefen kake fara yaga. Fulawa rabin kilo, in an samu a raba biyu da garin alkama mai dusa. Ƙaramin cokali ɗaya na sodar burodi, ba hodar kek ba, da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri. Sai tsala kusan kofi biyu. Ku a nan kun fi ni gata, don tsalar da 'yar Fulani za ta kawo muku ƙofar gida ta fi ta kwalin da nake saya. Tsamin tsalar ne ke tayar da sodar, daga haɗuwarsu aikin ya fara, shi ya sa ba a murza shi, ba a kuma ajiye shi ya jira. A haɗa da yatsu a buɗe, a dunƙule, a tsaga samansa, a jefa a obin mai zafi minti 40. In an ƙwanƙwasa ƙasansa ya yi amo, ya nuna. A naɗe a tawul ya huce.

Tsagar nan ma sai da ta zama magana. Su gicciye suke yi a kai, wasu su ce albarka ce, wasu su ce don aljanun ciki su fita. Umma ta daɗe tana kallon burodin ba ta ce komai ba, Nana ta lura. Ta ce ai abin da wuƙa ke yi shi ne buɗe wa zafi hanya ya kai tsakiya, zane uku a jere ma zai yi. Tun daga ranar namu zane uku ne, nasu gicciye, a obin ɗaya suke gasuwa gefe da gefe.

Azumin shekarun nan a tsakiyar hunturu ya faɗo, rana tana faɗuwa tun kafin huɗu da rabi. Baba ya ba ta takardar lokutan salla ta masallacin Ballyhaunis, ta manna a jikin firij kusa da ta limamin cocinsu. Kullum ana saura minti kaɗan a sha ruwa za ka ji "Yara!" ta kan katanga, ga burodi a tawul yana tururi. Kai ba ka isa azumi ba, rabin yini kake yi, amma kai ne mai karɓowa, kuma bai taɓa isowa ɗaki da gefensa ba. Da nata azumin ya zo kafin Ista, ta bar sukari a shayi, Umma ta hana mu shan alewa a gabanta.

Ka ce ba yaji. Gaskiya ne, babu, kuma ni ma ranar da na yi kwana biyu ban ji barkono a harshena ba sai in ji ban ci abinci ba. Amma ka taɓa tsayawa ka tambayi dalilin da ya sa girkinsu ya tsaya a kan dankali, madara, man shanu, hatsi da kabeji? Abin da ƙasar ta ba su ke nan, ƙasa mai ruwa da duwatsu da fadama, kuma a da mafi kyawunta yana hannun masu gonaki, da yawansu suna zaune a Ingila. Talaka yana da ɗan fegi, dankali ne kaɗai zai ciyar da iyali daga fegi irin wannan. Kafin 1845 mutum kusan miliyan 3 a kansa suka dogara kacokan, ƙaton ma'aikaci yana cin kilo 6 a yini da tsala, kuma da shi yake rayuwa da ƙarfinsa.

Sai cuta ta faɗa wa dankalin ya ruɓe a cikin ƙasa, shekara bayan shekara. Daga 1845 zuwa 1852 mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu wajen miliyan ɗaya suka hau jirgin ruwa, alhali hatsi da shanu da man shanu suna fita daga tashoshin ƙasar zuwa Ingila. Ƙidayar 1841 ta sami mutum fiye da miliyan 8 a tsibirin, har yau bai koma wannan adadi ba. Gundumarmu ta Mayo tana cikin inda abin ya fi muni, cikin shekara goma ta rasa kusan uku cikin kowane goma na mutanenta.

Baba ya kai mu mu gani, kai kana baya kana ƙorafin fitsari. Mun tsaya a Murrisk, gindin dutsen Croagh Patrick, wurin jirgin tagullar nan na John Behan da aka kafa a 1997, wanda ƙasusuwan mutane ne igiyoyinsa. Ka ɓuya a bayan zanen Umma. Daga nan muka bi ta Louisburgh zuwa Doolough, hanyar da ɗaruruwan mayunwata suka taka cikin sanyin watan Maris na 1849 don su gurfana gaban jami'an agaji a Delphi, da yawansu suka faɗi a hanyar dawowa. Nana ta nuna mana kunyoyin dankali a jikin tsaunuka, ciyawa ta rufe su amma layinsu yana nan, gonakin mutanen da ba su dawo sun tona ba. Baba ya ce Sarkin Musulmi na Istanbul, Abdulmajid, ya aiko da fam 1,000 a 1847, ya kuma ɗaga hannu ya yi addu'a a bakin tafkin. Nana ta tsaya gefensa da carbinta.

Ita ba ta ga wannan yunwa ba, amma a cikin inuwarta ta tashi a tsibirin Achill. Mazan garinsu da 'yan mata duk bazara ci-rani suke tafiya Sikotilan, cirar dankalin wasu. A 1937 samari goma 'yan tsibirin suka ƙone a rumbun da suke kwana a Kirkintilloch, jirgin ƙasa ya dawo da gawarwakinsu, uwarta tana cikin masu tarba. Lokacin yaƙin duniya na biyu rabon ganyen shayi ya sauko har rabin oza a mako ga kowane mutum, abin da bai kai giram 15 ba, ta ce sai a shanya wanda aka dafa a sake dafawa. Yayyenta biyu suka tafi Cleveland, ɗaya bai sake taka ƙasar ba. Burodin nan a tukunyar ƙarfe ta koye shi, garwashin taf, busasshiyar ƙasar fadamar nan da suke hura wuta da ita, a ƙasa, garwashi a kan murfi, tun kafin lantarki ya iso ƙauyensu.

Shi ya sa ba ta zubar da komai. Dankalin jiya shi ne wainar safiya. Ɗanyen da ya fara tsufa a goge shi a matse, a haɗa da dafaffe da fulawa da tsala, ga boksti a kasko. Burodin da ya bushe kuwa, ka san inda ya nufa: gudi. A tafasa madara, a gutsuttsura burodin a ciki, sukari da ɗan kirfa. Daren 23 ga Yuni, da ake hura babbar wuta a mararraba, a katuwar tukunya ake yin sa, rana ba ta faɗuwa sai goma ta gota, kowane yaro da cokalinsa a aljihu. Kai ba ka jiran watan Yuni. Duk ranar da aka tsokane ka a makaranta saboda launin fatarka, ba ka shigowa gida, ta ƙofar Nana kake bi. Ba ta tambayarka komai sai ka ga ƙasan kwanon, sannan ta sa kwat ɗinta ta nufi gidan iyayen yaron. Wannan ita ce cimar majinyata da ka ba surukanka labari.

Faten Nana fa? Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Ballyhaunis, wanda wani ɗan kasuwa ɗan Pakistan mai masana'antar nama ya gina tun 1987, Baba yakan sayo wuyan rago na halal kashi biyu, ɗaya namu ɗaya na tukunyar jan zare. Nama, albasa, dankali, ruwa, gishiri, masoro da ɗan ganyen tayim, shi ke nan. Ta jera su hawa-hawa, ƙananan dankali a ƙasa don su narke su ɗaure romon, manya a sama don su tsaya da siffarsu, ta tura tukunyar can gefen murhun Stanley ta manta da ita awa uku. Ita da Mai Lofe sun shekara hamsin suna gardamar karas, shi yana so, ita ta ce uwarta ba ta sa ba. Kai ka goyi bayansa don yana ba ka fam ɗaya.

Kuma ka manta cewa yajin ma ya tsallaka katangar. Ranar da Umma ta fara aika mata tuwo da miyar kuka, ta ci don kunya, hawaye na zuba, ta shanye madarar gidan kaf. Bayan wata biyu sai ga ta da kwalbar jam wankakkiya, wai a sam mata "jan garin nan". Ta ajiye shi kusa da gishiri, tana barbaɗa ɗan kaɗan a bakin rijiya. Umma kuma ta koyi busar da dankali da tawul, har yau a Kano haka take yi, kai kana ci kana santi ba ka san daga ina ya zo ba.

Jiya na ga bambirak, burodin zabibin nan, ya cika kantuna, ƙarshen wata lokacin cinsa ya matso. Na kantin bai kai nata ba. Ita cikin baƙin shayi mai sanyi take jiƙa zabibi ya kwana, ba ta sa giya ko ɗigo, ko a nasu. A al'ada ana ɓoye zobe a ciki da kuɗi da tsumma da ɗan itace da ƙwayar wake, kowa abin da ya samu wai shi ne rabonsa na shekara. Umma ta ce mu ba ma duba. Nana ta cire komai ta bar kuɗi kawai, ta naɗe su a takarda, ta kuma yi wa burodin alama yadda kowane yaro zai samu a yankansa. Shekarar da yuro ya shigo, 2002, ka samu sabon yuro biyu ka ƙi kashewa. Yana cikin gwangwanin Baba, ka duba.

Sai ranakun baƙin ciki na gari duka. Ka tuna 2004, da Kerry ta lallasa mu a wasan ƙarshe na gasar ƙwallo, ka kifa kai a kan kujera da rigarka kore da ja kana shessheka? Aka sake a 2006, Kerry ɗin dai. Mai Lofe ya fita lambu ya daɗe bai dawo ba, shi da ya ga nasarar 1951 da idonsa yana yaro. Nana ta kashe talabijin ta yanka farin burodi, ta shafa man shanu da kauri, ta juye soyayyen dankalin Tayto mai cuku da albasa a tsakiya ta danne da tafin hannu har ya yi ƙara. Bayansa kek ɗin rubab da kwastad mai zafi. Har Mai Lofe ya koma ga Mahaliccinsa kofin bai zo Mayo ba, har yau kuma muna jira.

In zazzaɓi ya kama ka, 7Up ce da aka kaɗa har iskar ta fita, da gasasshen burodi ba komai a kai. In tari ne, ciyawar tekun nan, karagin, da 'yar'uwarta ke aiko mata daga Achill a ambulan, ta dafa da madara da zuma da lemon tsami. Baba likita ne, yana dariya, amma ban taɓa jin ya hana ba, kuma na kama shi yana shan ragowar. Ran da kuka je fadama tayar da taf da Mai Lofe, shayi a kwalba ta ba ku cikin safar ulu don kada ya huce, ka dawo baƙi ƙirin da cizon ƙwari kana cewa ba ka taɓa shan shayi mai daɗinsa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan tun asali. An sayar da gidan Nana, Auta. 'Yarta ta zo daga Leeds ta kwashe kaya, Nana tana gidan kula da tsofaffi tun bayan faɗuwar da ta yi. Suna kula da ita sosai, wurin da tsabta, ma'aikatan suna da kirki. Da ake rabon kaya 'yar ta kira ni ta ce akwai wata tukunya da uwarta ta ce ba ta kowa ba ce sai 'ya'yan likita. Tana nan a wurina. Zaren ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, ban canja shi ba.

Ta haura casa'in, ta rame, tunaninta yana zuwa yana tafiya. Wani lokaci ta ɗauke ni Umma, ta tambaye ni ko jinin ya tsaya. Wani lokaci ta san ni sarai, har ta yi mini faɗan rashin aure. Abinci sai mai laushi, cokali kaɗan ta kawar da kai. Na yi mata gudi a gida na kai a fulas, da izinin ma'aikatan, ta cinye tas ta ce madarar ta yi yawa, kuma da gaskiyarta. Amma ko a wace duniya na same ta, tambaya ɗaya ba ta canjawa: "Ɗan ƙaramin ya ci abinci?" Kai take nufi. Kai da gemunka da 'ya'yanka biyu. Ina ce mata ka ci, ta ce in tabbatar, don kai ba ka faɗa in kana jin yunwa.

Rabonka da jin muryarta tun ta'aziyyar Baba, kuma ita ta kira. Ban ce ba ka da uzuri ba, na san aiki, na san hidimar Umma duk a kanka take, Allah ya saka maka. Amma matar nan ta ciyar da uwarka a lokacin da ba ta da kowa a ƙasar, ta tsare mana addininmu a cikin ɗakin girkinta ba tare da an roƙe ta ba. Haƙƙin maƙwabtaka da Baba ya yi ta karanta mana bai faɗi ba don mun tashi daga unguwar. Zumunta a ƙafa take, in ƙafa ba ta samu ba tukuna, murya ta fara isa.

Ina zuwa wurinta ran Lahadi. Daga Lahadin ƙarshe ta watan nan za a mayar da agogonmu baya, za ku riga mu da awa ɗaya, saboda haka ƙarfe uku na nan huɗu ne a wurinku, kana fitowa daga La'asar. A lokacin ta fi zama cikin hankalinta. Zan kira ka da bidiyo, ka ɗauka. Ka sa Abba da Ummi kusa, ta daɗe tana son ganin takwarar Umma. In ba ta gane ka ba kada ranka ya ɓaci, ka ce mata kai ne mai haƙa rijiya, wannan tana tunawa. Kuma in ta tambaya, ka ce ka ci.

Ka fara sabunta fasfo tun yanzu, biza tana ɗaukar lokaci, ni zan aiko da takardar gayyata. Ina so ka zo da bazara, ko mako ɗaya ne, kada ka jira sai na kira ka da wani labari. In mai zuwa ya samu kafin nan, a ba shi yajin Umma da daddawa da kuka, nawa sun ƙare.

Ka gaishe mini da Umma da kyau, ka ce ta riƙa shan maganin a kan lokaci. Ka gaishe da ƙanwata, ta turo mini hoton kolkanon ɗin in ta yi, ina so in ga zurfin rijiyar. Ka ce wa Abba rigar Mayo tana hanya, na sayo mai ɗan girma don ta kai shi baɗi.

Wassalam,
Yayarka